Ma'aunin Dukiya da Jin Daɗi a Cikin Littafin Ihya'u

Da sunan Allah nake farawa, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata gare shi, wanda ya raba arziki tsakanin bayinsa bai shawarci kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, mawadatansu da matalautansu baki ɗaya.

Bayan haka, ni bawa mai rauni, wanda tsufa ya cim masa, ganinsa ya ragu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani almajiri daga cikin masu ɗaukar karatu a zaurena. Maɗinki ne, yana da mata da 'ya'ya uku. Ya karanta babin zargin dukiya a cikin Ihya'u Ulumiddini na Imamu Gazali, sai ya rufe kekensa, ya bar karɓar ɗinki, ya ce ya gane dukiya ba ta haifar da komai sai baƙin ciki. Ba a yi wata biyu ba matarsa ta shigo wurin iyalina da kuka, ta ce kwana uku ba a ɗora tukunya a gidansu ba. Da na kira shi, sai ya buɗe littafin ya nuna mini wurin da yatsa. Na duba na ga laifin rabi nasa ne, rabi nawa, domin ni na karantar da shi babin ban auna masa ba. Saboda haka na yi nufin in auna shi a rubuce, in bayyana inda marubucin ya dace da inda ya rinjayar da ma'auni, domin mai neman ilimi ya san ko dukiya tana kawo jin daɗi ko ba ta kawowa. Ban isa in ɗauki takalmin Imamu Gazali ba. Amma malamanmu sun ruwaito daga Imamu Malik cewa maganar kowane malami ana ɗauka ana bari, in banda ta Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Fasali na farko, a kan mai littafin da matsayin babin

Ka sani, ya ɗana, an haifi Abu Hamid Gazali a Ɗusa cikin ƙasar Kurasan a shekara ta 450 bayan hijira, wato 1058, ya rasu a can a 505, wato 1111. Waziri Nizamul Mulki ya naɗa shi babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 484. Ɗalibai wajen 300 suna zama a gabansa, sarakuna suna girmama shi, abin hannu bai yanke masa ba. A cikin wannan hali, a watan Rajab na 488, harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da karatu, abinci ya ƙi zama masa a ciki, har masu magani suka ce ciwon daga zuciya yake. Ya yi kusan wata shida yana kai da kawo a ransa, kana ya fita Bagadaza a watan Zulƙida ya nufi Sham. Shi da kansa ya ba da wannan labari a littafinsa Almunƙizu minad Dalali. A shekarun keɓewar nan ya tsara Ihya'u.

To, wanda ya yi maganar dukiya a nan ya riƙe ta a hannunsa, ya ga ba ta hana shi ciwon zuciya ba. Wannan yana ƙara wa shaidarsa nauyi. Sai dai ka riƙe abu biyu daga labarin. Na ɗaya, abin da ya ce ya gano a cikin niyyarsa shi ne son girma da yaɗuwar suna, ba son kuɗi kaɗai ba. Na biyu, da zai fita ya rarraba dukiyarsa, amma ya ajiye gwargwadon abin da zai ishe shi da abincin 'ya'yansa. Bai bar yara da yunwa ba.

Ihya'u littattafai 40 ne a cikin rubu'i huɗu. Na zargin rowa da son dukiya shi ne na 27, yana cikin rubu'in abubuwa masu halakarwa. Na ladubban neman abinci da sana'a shi ne na 13, na talauci da zuhudu na 34. Wanda ya karanta ɗaya ya bar biyun, ya ji rabin magana.

Fasali na biyu, a kan inda ya dace

Mafi kyawun abin da ke cikin babin shi ne misalin da ya buga, inda ya kamanta dukiya da maciji mai dafi kuma mai magani, gardi ya kama shi ya amfana, jahili ya kama shi ya mutu. Bai tsaya ga misali ba, sai ya ƙidaya. Amfaninta na addini ya kasa shi uku. Akwai abin da mutum ke kashewa a kan kansa, ko don ibada kamar hajji, ko don abin da ke taimakon ibada kamar ci da sutura da muhalli da aure. Akwai abin da ke tafiya ga mutane, kamar sadaka, da kyautar mutunci, da tsare irili daga bakin masu zagi, da ladan masu yi maka aiki domin ka sami sukunin karatu. Akwai kuma abin da ke amfanar jama'a duka, kamar masallatai da gadoji da gidajen jinya da randunan ruwa a bakin hanya. Cutarwarta ma uku ce. Tana buɗe ƙofar saɓo ga wanda da ba shi da iko, tana saba wa jiki da ni'ima har ya kasa haƙuri da rashinta, tana kuma shagaltar da zuciya da lissafi da husuma da tsoron asara.

Na yi shekaru ina duba wannan ƙidaya a cikin mutanen da na zauna da su, ban ga inda ta kuskure ba. Haka kuma ya dace inda ya jera abubuwan da ke kai mutum ga sa'ada, ya sa na rai a sama, kamar ilimi da kyawun hali, na jiki a tsakiya, kamar lafiya, na waje a ƙasa, kamar dukiya. Dinari da dirhami ya sa su a can ƙarshe, domin su masu hidima ne, ba a nemansu don kansu. Ba a cin kuɗi, ba a yafa su. Wanda ya mai da bara ubangida, gidansa ya juye.

A nan akwai wurin da almajirai ke zamewa. Sa'adar da Gazali ke nufi ita ce ta lahira, dawwama da murnar da baƙin ciki ba ya gauraya ta. Mu kuwa idan mun ce jin daɗi, sau da yawa muna nufin ƙoshi da lafiya da barci mai nauyi, idan mun ce kwanciyar rai muna nufin wani abu a bayan wannan. Ka rarrabe ukun nan, domin amsa tana sāɓawa da sāɓawarsu.

Fasali na uku, a kan inda ya rinjayar da ma'auni

A ƙarshen babin ya buɗe wani sashe na zargin wadata da yabon talauci, ya kawo doguwar magana ta Harisu Muhasibi, wanda ya rasu a 243. Muhasibi yana yi wa malaman zamaninsa raddi ne, masu tara dukiya suna kafa hujja da Abdurrahman ɗan Aufu. Niyyarsa kyakkyawa ce, cutar da yake yi wa magani kuma tana nan har yau. Amma zafin wa'azi ya ja maganar har mai karatu zai fita yana zaton tara halal ma abin zargi ne, barinta ya fi ko da za a ciyar da ita ga alheri. Wannan wurin ne maɗinki ya nuna mini da yatsa.

Ina da abu uku a kansa.

Na farko, wasu labaran da aka gina sashen a kansu ba su da ƙarfi. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 597, ya yi raddi a kan Muhasibi da Gazali a littafinsa Talbisu Iblis, bai karɓi ruwayar da ke cewa Abdurrahman zai shiga aljanna da rarrafe saboda dukiyarsa ba. Yaya za a ce haka ga ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara? Haka labarin Sa'alaba ɗan Haɗibu, wanda aka ce tumaki sun yi masa yawa har ya bar jam'i ya hana zakka. Hafizul Iraƙi, wanda ya bi hadisan Ihya'u ɗaya bayan ɗaya, ya rasu a 806, ya raunana isnadinsa. Mu kuwa mun daɗe muna faɗinsa a wurin wa'azi, muna ɓata sunan sahabi, Allah ya yafe mana.

Na biyu, akwai ingantattun hadisai da ke zaune a ɗaya gefen ma'auni. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yin wasiyya da fiye da sulusi, ya nuna masa barin magada da abin hannu ya fi barinsu suna roƙo. Ya umurci Ka'abu ɗan Malik ya riƙe wani sashe na dukiyarsa lokacin da ya so sadaukar da ita duka. Ya roƙa wa Anas yawan dukiya da 'ya'ya. Ya kasance yana neman tsari daga bashi. An ruwaito yana ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Usmanu ɗan Affan da kuɗi ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa musulmi. Abdurrahman da ya iso Madina hannu wofi, aka yi masa tayin rabin dukiya, sai ya nemi a nuna masa kasuwa.

Na uku, sashen ya ƙidaya cutar wadata bai ƙidaya ta talauci da irin wannan ƙidayar ba, alhali kowace cuta daga ukun tana da 'yar'uwa a gidan matalauci. In dukiya tana buɗe ƙofar saɓo, rashi yana buɗe ta ƙarya da tauye mudu da cin amana. In tana saba wa jiki da ni'ima, rashi yana saba wa fuska da roƙo. In tana shagaltar da zuciya, yunwa ta fi ta shagaltarwa. Gazali ya san wannan, domin a farkon babin shi ya ce wanda bai sami abin buƙatarsa ba zuciyarsa ba ta samun sukunin addini. Ke nan farkon babin ne ke gyara ƙarshensa. Hausawa ma sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A cikin sashen akwai hikayar mutumin da ya raka Annabi Isa, aminci ya tabbata a gare shi, ya ɓoye gurasa ɗaya yana musu, bai amsa laifinsa ba sai da ya ga tsibin zinariya, daga baya shi da wasu biyu suka hallaka juna a kanta. Hikaya ce mai tsoratarwa, ana amfana da ita. Amma ka lura, kwaɗayi ne ya kashe su. Zinariyar tana nan kwance inda take, ba ta taɓa kowa ba.

Fasali na huɗu, a kan abin da idona ya gani

A shekarar fari ta 1973, shekarar da aka fito da naira, ina zaune a wani ƙauye da almajirai, ina karantar da wannan babi da zafin ƙuruciya, ina ganin duk mai rumbu biyu a matsayin wanda duniya ta ruɗa. Damina ta ƙi, gero bai yi ido ba, shanu suka mutu a bakin rijiyoyi. Rumbuna ya ƙare, iyalina tana dafa ganyen tafasa da ɗan gishiri. Ƙyanda ta shigo gari, ta kama 'yata ƙarama a kan jikin da yunwa ta riga ta cinye, ba ni da kuɗin motar da za ta kai mu asibiti a kan lokaci. Allah ya karɓi abinsa. Ajali ba ya wuce ranarsa, na sani, na kuma yi haƙuri gwargwadon ikona. Amma ina shaida maka, ya ɗana, a watannin nan ban yi salla ɗaya da zuciyata ba ta tafi wurin mudun gero ba. Ban sami natsuwar da na yi ta yi wa almajirai alkawari a cikin talauci ba.

Da abin ya yi tsanani na ɗauki juzu'ai huɗu na Ihya'u na kai wa wani attajiri mai fataucin goro in sayar. Ya karɓa, ya biya, da yamma sai ga yaronsa da buhun gero a kan jaki, littattafan suna ɗaure a bisansa. Mutumin da nake zargi a zuci shi ya ciyar da zaurena har kaka ta gaba. Daga baya muka saba. Ya gaya mini tun da ya sayi motarsa ta uku bai ƙara yin barcin dare ɗaya cikakke ba, yau tsoron hatsari, gobe tsoron yaran mota, jibi tsoron faɗuwar kasuwa. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake ba sai ranar da yake tsaye ana auna wa mutane hatsi a ƙofar gidansa. Da ya rasu ni aka kira rabon gado, 'ya'yansa suka fara husuma tun ba a yi sadakar uku ba, biyu daga cikinsu sun yi shekaru ba sa gaisawa.

To, ga gida biyu a gari ɗaya. Nawa rashi ya hana shi barci, nasa yawa ya hana shi barci. Sai dai ban yarda a ce daidai suke ba, domin shi bai binne ɗa saboda rashin kuɗin mota ba.

Fasali na biyar, a kan abin da masu binciken zamani suka samu

Wani jikana da ya yi karatun boko ya karanta mini binciken wasu masana a Amurka, na ga ya kamata in kawo shi, domin hikima abin neman mumini ce duk inda ya same ta. A 2010 Daniyel Kaniman da Angus Diton suka duba amsoshi fiye da 450,000 da aka tattara daga mutanen ƙasarsu. Tambaya iri biyu ce. Ɗaya a kan yadda mutum ya wuni jiya, da murna ko da damuwa. Ɗaya a kan yadda yake ganin rayuwarsa gaba ɗaya. Suka ga ta biyun tana hawa muddin samu yana hawa, ta farkon kuwa tana hawa har wajen dala 75,000 a shekara sa'an nan ta tsaya. Suka ga kuma ƙarancin samu yana ƙara zafin ciwo da mutuwar aure da kaɗaici. A 2021 wani mai suna Matiyu Kilinswat ya binciki mutum fiye da 33,000 bai ga wannan tsayawa ba. Maimakon gaba, sai shi da Kaniman suka zauna tare suka sake duban lissafin, suka fitar da sakamako a 2023. Ga mafi yawan mutane jin daɗi yana ci gaba da ƙaruwa da samu, amma ga kashin da ya fi kowa baƙin ciki, kamar ɗaya cikin biyar, yana tsayawa a wajen dala 100,000. Kuma hawan da ninki yake tafiya, wato matakin da mai goma ya samu da ya kai ashirin, mai ɗari sai ya kai ɗari biyu kafin ya sami irinsa.

Kada mu ja wannan da ƙarfi zuwa ga ra'ayinmu. Ya saɓa wa mai cewa kuɗi ba su ƙara komai. Ya saɓa kuma wa mai cewa suna warkar da kowane ciwo, domin akwai baƙin cikin da bai motsa ba. Adadin dalolin na ƙasarsu ne, ba ma'auninmu ba. Kuma abin da suka auna shi ne jin daɗin wuni da gamsuwa da rayuwa. Sa'adar da Gazali ke nufi ba ta hau wannan sikeli ba.

Fasali na shida, a kan hukuncin mas'alar

Idan ka ce, to wane ya fi, matalauci mai haƙuri ko mawadaci mai godiya? Sai in ce malamai sun daɗe suna saɓani a kai. Gazali ya karkata ga matalauci a mafi yawan hali. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751, ya tattauna ta a Uddatus Sabirina, ya kawo daga malaminsa Ibnu Taimiyya cewa wanda ya fi tsoron Allah a cikinsu shi ya fi, in sun daidaita a taƙawa sun daidaita a daraja. Wannan ne zuciyata ta natsu da shi. Alƙur'ani ya ba mu labarin Ƙaruna da ƙasa ta haɗiye shi da taskokinsa, ya ba mu na Annabi Sulaimanu da mulki bai ɓata shi ba.

Idan ka ce, ashe dukiya tana kawo jin daɗi ke nan? Sai in ce dukiya magani ce ta cututtuka sanannu, yunwa da tsiraici da bashi da ƙasƙancin roƙo da rashin kuɗin jinya. Wanda ke cikin waɗannan, samunta sauƙi ne na gaskiya, kuma nema wajibi ne a kansa in yana da iyali, domin ciyar da su hakki ne da shari'a ta ɗora masa. Wanda ya wuce nan ya kai ga isa, ƙari yana ƙara masa wani abu, amma kowane mataki ya fi na baya tsada, kuma yana zuwa da nasa masu gadi da nasa lissafi. Akwai kuma cututtukan da ba ta san hanyarsu ba, hassada, da mutuwar masoyi, da ɗan da ya lalace, da tsoron kabari. Waɗannan maganinsu ƙana'a ne da yarda da hukuncin Allah, abin da hadisi ya kira wadatar rai. Na ga wadatar rai a gidan mai rumbu goma, na gan ta a gidan mai rumbu ɗaya. Da wuya na gan ta a gidan da yara suka kwana da kukan yunwa.

Saboda haka na ce wa maɗinki ya buɗe kekensa, ya koma littafi na 13 ya karanta shi kafin ya sake taɓa na 27. Na ce ya riƙe wazifofi biyar da Gazali da kansa ya ɗora wa mai dukiya, su ne ya san dalilin da aka halicce ta dominsa, ya tsare hanyar shigowarta, ya san gwargwadon da ke isarsa, ya tsare hanyar fitarta, ya gyara niyya a ɗauka da bari. Ya koma aiki, ya biya bashin mai hatsi, yana zuwa karatu bayan asuba kafin ya tafi kasuwa. Ku kuma masu karantar da Ihya'u a bayana, idan kun iso ƙarshen wannan babi ku dubi wanda ke zaune a gabanku. In attajiri ne ku karanta masa shi da ƙarfi. In mai iyali ne da ba shi da na gobe, ku mai da shi farkon babin.

Wannan shi ne abin da ya sauwaƙa. In daidai ne daga Allah yake, in kuskure ne daga gare ni, Imamu Gazali ya kuɓuta daga gare shi, Allah ya jiƙansa ya amfane mu da iliminsa. Wanda ya kwafi wannan takarda ya gyara abin da alƙalami ya zame, ya sa ni da iyayena da malamaina da 'yar nan tawa a cikin addu'a. Allah ne mafi sani. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa, tsira da aminci su tabbata ga wanda babu annabi a bayansa.